Yunwar da Ta Kai Ni Taragon Giya

Na shekara goma da wani abu ina auren 'yarsa, amma surukina bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Ba ni na ƙirƙiro abin ba, haka muka taso muka tarar. A wajenmu mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa, ko ruwa zai sha sai ya kau da kai. Duk ranar da na hau babur daga Batsari, inda nake aikin malamin gona, na je Zakka gaishe shi, tsarin ɗaya ne. Zan cire takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, mu yi ta gaisuwa har a zo kan lafiyar babur. Da zarar an turo kwanon tuwo daga cikin gida sai ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Bari in duba shanun nan."

Shanun kuwa ɓarayin daji sun kora su tun tuni, turakun ma an tumɓuke an hura wuta da su. Ni na sani, shi ma ya san na sani. Duk da haka sai ya fita ya zagaya bayan gida, ya daɗe yana kallon garken da ba kowa, har sai ya tabbata na wanke hannu sannan ya dawo.

Malam muke ce masa, mu da duk garin. Ya rubuta Alƙur'ani da ka tun yana saurayi, kuma rabin dattawan yankin a zaurensa suka yi karatu. Shi kuma Malamin gona yake kirana, bai taɓa kama sunana ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, don haka ban san wani mutum a duniya da nake son ya gan ni da mutunci kamar wannan tsoho ba. Ya ba ni 'yarsa ta fari a lokacin da ba ni da komai sai keke da takardar makaranta, ga 'ya'yan malamai suna nema. Tun daga ranar nake taka-tsantsan kada ya yi da-na-sani.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko baƙaƙen littafi suka ɓace masa, daga baya fuskokin mutane, har ya zama da murya yake gane mai sallama. Ɗansa, ƙanin matata, likita ne a Afirka ta Kudu, a wani birni na bakin teku. Likita muke kiransa, kuma tsakanina da shi sai tsokana, yadda aka saba da ƙanin mata. Shi ya matsa a kawo masa tsohon a yi aikin a asibitin da yake. Da aka zo kan wanda zai yi rakiya, sauran 'ya'yan duk masu allo ne, Larabci kamar ruwa amma Turanci ko na gaisuwa babu. Aka ce ai ga Malamin gona. Na yi murna, har na ɗinka farin kaftani sabo.

A jirgin sama lokacin tafiya ban sha wahala ba. Da aka kawo abinci na duba na ga idon nan fari fat yana kallon gaba, sai na saci jiki na cinye nawa a hankali, ina tauna kamar ɓera a rumbu. A gidan Likita ma ba matsala, Malam yana da ɗakinsa, ni da Likita muna ci a falo yana yi mini ba'a wai na zo ƙasar mutane ina neman daddawa.

Aikin ya yi kyau. Ranar da aka cire masa auduga ya dubi tafin hannunsa ya daɗe yana juya shi, sannan ya dube ni ya ce, "Ashe ka yi furfura." Sai dai likitan idon ya kafa doka, ba sunkuyo, ba sujada, sai bayan makonni. Malam ya ce to, zai yi sallarsa a zaune da ishara. Da azahar ta yi na shimfiɗa darduma na koma baya kamar kullum, sai ya ce, "Wuce gaba. Mai yi a zaune ba ya jan mai yi a tsaye."

Ni da karatuna bai wuce izu biyu ba, ga ni gaban mutumin da ya rubuta sittin da ka. Amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Kullum sau biyar ina jin "amin" ɗinsa a bayana, har na fara ganin kaina wani abu. A raina na ce ko ban samu komai a tafiyar nan ba, na sami abin da zan gaya wa jikokina.

Da lokacin komawa ya yi, Likita ya ce ba zai yarda tsohonsa ya bar ƙasar bai gan ta ba, tunda yanzu akwai idon gani. Maimakon ƙaramin jirgin sama zuwa birnin da za mu tashi, sai ya saya mana tikitin jirgin ƙasa mai kwana a hanya, na masu hali. Malam bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, layin dogo bai biyo ta wajenmu ba. Ni ma sau ɗaya na taɓa shiga, ina ɗalibi, a tsaye tsakanin buhunan albasa. Likita ya raka mu tasha da safe, ya gaya wa ma'aikatan abin da muke ci da wanda ba ma ci, ya koma bakin aikinsa. Saboda sauri ko shayi ban sha ba, na ce ai akwai abinci a ciki.

Akwai shi kuwa, har ya yi yawa. Ɗaki aka ba mu mu biyu, da kujeru masu laushi suna fuskantar juna, waɗanda in dare ya yi ake mayar da su gadaje. Ga wurin wanke hannu da ruwan zafi da na sanyi, ga tawul fari an naɗe shi kamar rawani, ga silifa sabbi a leda, ga ƙananan sabulai masu ƙamshi. Akwai wani maɓalli jikin bango, in ka danna sai ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce me ake bukata. Malam ya danna sau biyu don ya tabbatar, na yi ta ba mutumin haƙuri. Har wurin wanka akwai a ƙarshen taragon, mutum ya yi wanka jirgi na gudu. A kan ɗan teburin da ke tsakaninmu kuma aka ajiye kwando cike da lemo da tuffa da inabi.

Malam bai damu da ko ɗaya ba sai taga. Tun da jirgin ya motsa ya manna goshinsa kusa da gilashin, bai ƙara waiwayowa sosai ba. Ya ga duwatsu, ya ga gonakin inabi an ja su layi-layi har iya ganin ido, yana ta tambayata.

"Malamin gona, wagga shuka mi ake kiranta? Ba kunya suka yi ba, kuma ba ciyawa ko ɗaya."

Na yi bayani gwargwadon sanina. Can muka wuce wani fili, shanu jajaye sun bazu suna kiwo. Ya bi su da ido har suka ɓace.

"Ba makiyayi," ya ce. "Su kaɗai cikin daji, kuma ba wanda ya taɓa su."



Da rana aka buga ƙararrawa, aka kai mu taragon cin abinci. Nan na gane halin da na shiga. Tebur ne na mutum biyu, an rubuta lambar ɗakinmu a kai, kujera tana kallon kujera, gwiwata har tana gogar tasa. Aka dire mana kifi da dankali, ƙamshi ya bugi hancina. Na ɗaga kai na ga sababbin idanun nan biyu tar a kaina.

"Bismilla," ya ce.

"Allah ya gafarta Malam, na ƙoshi."

Wannan ita ce amsar da ake bayarwa, kuma a zauren Zakka bayanta sai maganar shanu ta biyo. Na jira. Malam ya gyaɗa kai, ya ci kifinsa, rabin hankalinsa na kan taga. Ma'aikacin ya zo ya tarar da farantina yadda ya ajiye shi, ya tambaya ko abincin bai yi mini ba. Na ce ya yi, cikina ne ba daɗi. Ya ɗauke ina kallo.

Haka aka yi da daddare, haka aka yi da safe. Wani zai ce me ya hana ka ɗauki lemo ɗaya ka fita? Kwandon yana gaban Malam ne, in na miƙa hannu ya gani. Na yi tunanin danna maɓallin nan, amma duk abin da aka kawo a ɗakin za a kawo shi. Duk lokacin da na miƙe da niyyar sulalewa, sai ya ce, "Zauna ka ga wancan," ya nuna mini injin ban-ruwa ko tumaki ko wata hasumiya. Mutumin da ya shekara da shekaru cikin duhu yana son abokin kallo, ta yaya zan ce masa a'a? Ruwa kaɗai nake haɗiya a ɓoye wajen alwala. Ga shi ba azumi na ɗaura ba, balle in sa rai da lada.

Da hantsi ya kamata mu isa, sai jirgin ya tsaya cikin wani daji ya yi zamansa. Ashe ba namu kaɗai ke makara ba. Aka sake kiran abincin rana, na sake cewa na ƙoshi. Na ja mu sallar azahar kaina yana juyawa. Bayan mun idar jirgin ya tashi, Malam ya jingina, barci ya ɗauke shi. Na dubi kwandon, ya rage inabi kaɗan, kuma hannunsa na kansa. Na zura silifan jirgi na fita.

Taragon cin abinci an kwashe komai, ana shara. Aka ce in wuce gaba, akwai wurin shaƙatawa a ƙarshen jirgin. Na bi tarago bayan tarago ina dafa bango. Da na tura ƙofar ƙarshe sai na ga dogon tebur, Turawa da wasu baƙaƙen fata sun zauna, kuma gaban kowace kujera an ajiye katako mai faɗi da burodi da cuku iri-iri da gyaɗa da zaitun. Yawuna ya tsinke. Na ce wa ma'aikacin ƙofar ina son faranti ɗaya. Ya ce ba a sayar da shi shi kaɗai, yanzu lokacin ɗanɗana giyar inabi ne, wanda ya biya shi ke zama, farantin kuma na rakiya ne. Abin sayarwa na daban sai an gama.

Ba zan ce ban gane ba. Turancinsa ya fita sarai, ga kwalabe a jere ina gani. Na kuma san hukuncin zama a teburin da giya ke zagayawa, a zauren Malam ɗin na ji shi. Amma na dubi burodin nan, na ce a raina ai ni ci zan yi ba sha ba, minti kaɗan in tashi, wa ya san ni a nan? Na biya na zauna.

Gaban kowa akwai kofunan gilashi masu dogon wuya. Na rufe nawa da hannu na ce kada a zuba mini. Mai zubawar ya yi murmushi ya ce na riga na biya, ko sansanawa in yi, ya zuba ya wuce. Kusa da ni wata tsohuwar Baturiya ce, mai fara'a, fatarta duk ta yamutse. Ta ga ina dannar burodi ban taɓa kofi ba, ta tambaye ni dalili, na ce addinina ya hana. Ta ce to kada a yi asara. Duk wanda aka zuba mini sai ta ɗauka ta shanye, ta mayar mini da kofin gabana, ita kuma ta turo mini cukunta. Ni a lokacin gani nake na yi ciniki mai riba.

Da cikina ya fara ɗauka sai ido ya buɗe, na soma kallon abin da suke yi. Wani mai gemu ne ke jagora. Ya ɗaga kofi ya duba a haske, ya kaɗa, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kurkure baki, sannan ya tofar a wani ɗan bokiti. Sauran suka bi. Na ce ikon Allah, mutum ya biya kuɗi don ya kurkure baki ya tofar! Matata ma in tana ɗanɗana miya haɗiyewa take yi. Sai mutumin ya shiga bayanin ƙasar da aka shuka kowane inabi, wannan jigawa, wancan laka, wannan shekarar ruwa ya yi ƙaranci shi ya sa ya fi zaƙi. Nan fa ya taɓo sana'ata. Na gyara zama ina gyaɗa kai, har na yi tambaya kan taki. Jirgin ya yi wata girgiza, kofin tsohuwar ya fantsama a hannun farin kaftanina, ja wur. Tana ba ni haƙuri tana goge mini, mutanen teburin suna dariya, ni ma ina dariya, kumatuna cike da burodi.

A haka Malam ya same ni.

Yana tsaye bakin ƙofa, da baƙin tabaran da asibiti suka ba shi, da carbi a hannu. Ya ratso taragun nan duka shi kaɗai. Ya sa hannu ya cire tabaran a hankali. Na ga idonsa ya sauka kan kofunan da ke gabana, duk babu komai ciki sai ɗan ja-ja a gindi. Ya koma kan hannun rigata, ya koma kan matar da ke riƙe da shi, sannan ya zo kan fuskata. Idon da na rako shi ƙasar mutane aka gyara, na yi ta addu'a a bakin ɗakin tiyata Allah ya buɗe shi, ga abin da na tanadar masa ya gani.

"Malamin gona," ya ce, muryarsa ba ta canza ba, "la'asar ta yi. Na zo tambayar gabas ne, jirgin ya juya."

Ya mayar da tabaransa ya juya ya tafi.

Burodin ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Na so ƙasa ta tsage in shige, to ko ƙasar ma ba a kanta nake ba. Na tashi na bi shi, amma sai da na tsaya a wurin wanka na yi ta dirzar hannun rigar da ɗan sabulun nan. Jan ya koma ruwan hoda, warin kuma yana nan. Na sake alwala, na shiga ɗakin na canza riga. Yana zaune ya fuskanci taga.

"Allah ya gafarta Malam, a tayar?"

"Yi taka. Na yi tawa."

"Gabas ɗin fa?"

"Na duba rana."

Tun daga ranar da aka cire masa auduga, wannan ce sallar farko da bai bi ni ba. Na yi ta ni kaɗai a ɗan tsukin da ke tsakanin kujerun, ban san me na karanta ba.

Sau da yawa na tambayi kaina me ya sa ban buɗe baki a take na ce ban sha ba. Wanda bai san irin zamanmu ba zai ga abu ne mai sauƙi. Kafin in ce ban sha ba, sai na fara ambaton sunan abin a gabansa, ni da ko "ciki" ban iya faɗa ba lokacin da 'yarsa ke da juna biyu. Zai kuma tambaya, to mi ya kai ka? In ce yunwa. In na ce yunwa kuwa, na ce masa ke nan ya zauna ya ci sau huɗu ina kallo bai ba ni wuri ba. Gara a ɗauke ni mashayi da in ɗora wa wannan tsoho laifi a fuskarsa. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, kuma ba wanda ya tura ni.

Har muka iso gida bai sake bi na sallah ba. Bai ɗaure mini fuska ba, bai rage gaisuwa ba, in na ɗauki jakarsa sai ya ce Allah ya yi albarka. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. A filin jirgi, a tashar motar Katsina, a Safana inda muka hau babura, in lokaci ya yi sai ya nemi kujera ko dutse ya yi tasa. Ni kuma in koma gefe.

Zakka ta cika ranar da muka isa. Tsofaffi suna zuwa suna tsayawa gabansa ba sallama don su gwada shi, yana kiran kowa da sunansa, ana ta kabbara. Aka zauna a zaure ya ba da labarin jirgin ƙasa, da tawul mai kama da rawani, da maɓallin kiran bawa ba bawa ba, da wanka ana gudu, da shanun da ba makiyayi. Ya raba silifan da sabulan tsaraba. Ni ina rakuɓe a lungu, duk tarago da ya ambata sai gabana ya faɗi, ina jiran ya kai na ƙarshe. Bai kai ba. Ya ce, "Malamin gona ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa." Aka ce amin. Da azahar ta yi ya ce wa babban ɗansa ya wuce gaba. Ba abin mamaki ba ne, shi ya cancanta, amma ni na san abin da na ji. Na yi sallama da wuri, na ce saboda hanya.

Na ɗauke ƙafa daga Zakka. In matata ta yi magana sai in ce aiki, ko in ce hanyar ba kyau kwanan nan, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Wata rana ta ritsa ni ta ce tun da na dawo ba na cin burodi, kuma ba na zuwa gidansu, in gaya mata abin da burodi ya haɗa ni da babanta. Na gaya mata duka. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, tana cewa, "Kai da tsohuwar Nasara!" Daga baya dariyar ta tsaya.

"Ni ma ba zan iya gaya masa ba," ta ce. Ita ce ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa. "Amma rashin zuwan nan ya fi kofunan muni. Yanzu zai ce gaskiya ne."

Da kaka na ɗaura ɗan buhun irin wake a babur na tafi, don in sami abin cewa. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, littafi buɗe a cinyarsa, yana karatu ba tabarau. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har lafiyar babur. Muka yi maganar wake da tsutsa da farashin taki. Ina ta kallon tabarma.

Aka turo kwano daga cikin gida, da ƙwaryar ruwa. Malam ya rufe littafin, ya miƙe, ya ɗauki sandarsa.

"Bari in duba shanun nan."

Ya kai bakin ƙofa, ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. Sai ya tsaya. Ina ganin bayansa, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, ya daɗe a haka har na ɗauka jiri ne ya kama shi, na yunƙura zan tashi. Ya zare ƙafar, ya jingine sandar, ya dawo ya zauna, ba a buzunsa ba, a kan tabarmata.

"Malamin gona."

"Allah ya gafarta Malam."

"Cikin jirgin nan, ban tashi na duba shanu ba, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun daga tashar farko?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Na ji ya ja numfashi, ya yi salati a hankali.

"Ina ta kallon shanun mutane," ya ce. "An buɗe mani ido, na ga duwatsu, na ga kofuna, ban ga mutum na zaune gabana da yunwa ba. Na kuma yi maka zato. Allah shi yafe mani, kai ma ka yafe mani."

Wannan ita ce maganar da na gudar masa tun daga jirgin, ga shi ya faɗe ta da bakinsa. Kunyar da na ji a taragon giya ba ta kai rabin wannan ba. Na so in ce ai ni na kai kaina, na san hukunci na zauna, har tambaya na yi kan taki. Sai hawaye kawai nake ji suna ɗiga a gwiwata.

Ya jawo kwanon ya buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Ya wanke hannu a ƙwaryar, ya turo mini ita.

"Sa hannu."

"Allah ya gafarta Malam, na ƙo..."

"Kada ka ƙarasa. Kunyar da za ta kai ɗana wancan teburi, ba ni son ta cikin gidana. Ci ina gani."

Na wanke hannu. Na yanki loma ƙarama na kai baki. Bai kau da kai ba, idon nan biyu suna kaina har na haɗiye. Sannan ya yanki tasa. Muka ci, ni ina gutsura kamar mara lafiya, shi yana turo mini naman da ke gefensa da ɗan yatsa. Ban taɓa cin tuwon da ya yi mini wuyar haɗiya kamar wannan ba, kuma sai da ya ga ƙasan kwanon ya bar ni.

Ana kiran azahar muka fita masallacin ƙofar gida. Idonsa ya warke tun tuni, yana sujadarsa lafiya lau, ga babban ɗansa, ga almajiransa manya masu gemu sun cika sahu. Aka tayar da iƙama. Na laɓe a ƙarshen sahu, sai na ji an kama hannun rigata, daidai inda jan nan ya taɓa zuba a wancan kaftanin. Ya ja ni har gaba, ya koma bayana ya tsaya.

Bai taɓa tambayata ko na sha ba, ni ma har yau ban ce masa ban sha ba. Na ɗaga hannu na yi kabbara.